Masu saka wa mutane Linux a Lamorde, mu tsaida magana guda



Ran Talatar da ta wuce mun dawo daga studiyo bayan shirin dare, sai munka tarar da ɗiyar maƙwabcinmu zaune bakin ƙofa rungume da kwamfutarta. Ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni, tana karatun labarin ƙasa, saura mata sati uku ta miƙa memuwar ɗinta. Kwamfutar ta ƙi tashi. In an kunna, sai baƙin allo, ƴan rubutu farare su yi ta gudu, su tsaya cak. Aikin wata takwas yana ciki.

Munka tambaye ta wane Linux ne a ciki. Ta dube mu ta ce: "Tonton, Linux mana. Da ma kala-kala ne?"

Wannan amsar tata ce ta sa munka zauna rubuta wanga dogon bayani. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ta ba mu labari. Kwamfutar ta hannu ce, irin waɗanda ake kawowa daga Turai. Windows ɗin da ke ciki na sata ne, ga birus ya cika ta. Wani abokin wanta ya ce ya san magani, ya goge ta ya saka mata Linux. Wata da watanni tana aiki lafiya lau, tana rubutu, tana shiga intanet. Sai lokacin zanen taswira ya zo, tana buƙatar QGIS, manhajar da kusan duk ɗalibin labarin ƙasa ko na aikin gona ke aiki da ita. Wani ɗan ajinsu ya ba ta fayil a kile, sunansa ya ƙare da .rpm, ta danna ta danna bai buɗe ba. Na biyu ya turo mata umarnin da ya gani a bidiyo, wanda ke farawa da pacman, kwamfutar ta ce ba ta san wannan kalma ba. Na uku, wanda ya fi su ƙarfin hali, ya karɓi kwamfutar ya ƙara mata adireshin rumbun manhajojin Ubuntu, ya ba da umarnin a sabunta komai. Tsakar aikin forfe ya ƙare, kafin a sayi wani kuran ya ɗauke, batirin kuma da ma ya daɗe da mutuwa. Da safe sai baƙin allo.

Da munka bincika, abin da abokin wan nata ya saka mata Kali Linux ne. Kali, jama'a! Tsarin da anka yi tun 2013 don ƙwararrun tsaron na'urori, masu gwada ƙarfin kariyar kamfanoni. Su kansu masu yin sa sun rubuta a shafinsu cewa ba su ba sabon shiga shawarar ya maida shi abin aikin yau da kullum. Yaron ya saka shi ne don hoton dodon da ke kan allo yana burge shi, shi ke nan.

Duka huɗun nan ba wanda ya yi da mugun nufi. Kowa taimako ya zo yi. Amma kowa da irin Linux ɗin da ya sani, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi wane iri ke cikin kwamfutar kafin ya taɓa ta.

Bari mu ɗan koma baya saboda waɗanda ba harkarsu ba ce. Abin da ake kira Linux a asali zuciyar tsarin ce kawai, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Kamar injin mota ne. Inji shi kaɗai ba ya kai ka kasuwa, sai an haɗa masa jiki da tayoyi da kujeru. Tun da kowa na da izinin ɗauka ya haɗa, sai masu haɗawa sunka yi yawa. Debian ya fito a 1993 ta hannun Ian Murdock. Daga Debian ne wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu a 2004. Daga Ubuntu kuma wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fitar da Linux Mint a 2006. Waɗannan uku dangi ɗaya ne, kaka da ɗa da jika: fayilolinsu na ƙarewa da .deb, mai saka musu manhaja sunansa apt. Can gefe akwai dangin Red Hat, wanda Fedora ke ciki tun 2003: nasu .rpm ne, umarninsu dnf. Akwai kuma Arch, mai pacman ɗin nan da anka turo wa yarinyar. Wani lokaci ma sunan manhaja ɗaya ya bambanta, abin da Debian ke kira apache2, Fedora httpd yake ce masa.

Mi ya sa fayil ɗin wancan dangi ba ya shiga wannan? Saboda manhaja ba ta tafiya ita kaɗai. Kamar amarya take, da ƴan rakiya. QGIS ɗin nan tana jingine da ƙananan manhajoji masu yawa, wannan na karanta taswira, wancan na lissafin wuri, waccan na zana allo. Aikin apt ko dnf shi ne ya ƙirga ƴan rakiyar, ya ɗauko su daga rumbu, ya zaunar da kowa mazauninsa. Kuma ba sunan ɗan rakiya kaɗai ake dubawa ba, har da shekarunsa. QGIS ɗin da anka ɗinka wa Ubuntu 24.04 tana neman ƴan rakiyar zamanin 24.04. In ka kai ta gidan Kali, wanda kayan cikinsa ke canzawa kullum, sai ta tarar da wasu sun girme mata, wasu ba a haife su ba. In ka tilasta, apt zai fara cire wannan ya sa wancan don ya gamsar da kai, har ya taɓa abin da ke riƙe da allon kansa. To ko dangi ɗaya ne, haɗa rumbun wannan da na wancan haɗari ne, balle dangi daban.

Ɗan kabu-kabu ya fi mu fahimtar wannan. Ba ya sayen moto don ta fi kyau a hoto. Yana sayen wadda in ta lalace a hanyar Kirkisoye, makaniken da ke kusa ya san ta, piyes ɗinta kuma na nan a shagon gefe. Mu da munka yi boko ne muke saka wa ƙannenmu tsarin da mu kaɗai munka san kansa, sannan mu tafi bautar ƙasa ko mu canza lamba.

Wani zai ce, ai wannan ba sabon abu ba ne, mi ya kawo shi yanzu? Abin da ya kawo shi shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya tsaida tallafin Windows 10 na gama-gari. Windows 11 kuma yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da sabon nau'in ƙwaƙwalwar na'ura, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. A ganinmu, kwamfutocin da ofisoshin Turai za su zubar saboda wannan dalili, kasuwanninmu za su ƙare, kamar yadda motocinsu da firjinsu ke ƙarewa. Lafiyarsu lau, Linux zai iya ƙara musu shekaru. Kenan masu shiga Linux a wannan gefen kogi ƙaruwa za su yi. Ga jami'a, ga babban asibiti da ɗaliban likitanci, ga cibiyar AGRHYMET, ga masu shagunan buga takarda da ke rayuwa da memuwar ɗin ɗalibai. In ba mu gyara yadda muke yi ba tun yanzu, labarin ɗiyar maƙwabcinmu zai zama na kowane gida, kuma mutane za su yanke hukuncin cewa Linux ne ba shi da kyau, su koma wa Windows na sata da birus ɗinsa.

Mu ma abin ya taɓa cin mu a gidan rediyo, kuma laifinmu ne. Muna gyaran murya da Audacity. Wani abokin aikinmu ya haɗa rahoto a kwamfutarsa mai sabon tsari, ya kawo a kile saura minti ashirin a shiga labarai. Kwamfutar studiyo na da tsohon tsari, Audacity ɗin da ke rumbunsa na zamanin lamba 2 ne. Shi kuwa nasa lamba 3 ne, wanda tun fitowarsa a 2021 ya canza yadda yake ajiye aiki, fayil ɗin ya koma .aup3, tsohon ba ya iya buɗe shi. Manhaja ɗaya, suna ɗaya, dukanmu kan Linux, amma ranar sai da munka karanta rahoton da baki ba tare da muryar waɗanda anka yi hira da su ba. Tun daga lokacin munka daidaita kwamfutocin gidan kan tsari guda.

Masana za su ce mana an riga an warware wannan matsalar, akwai Snap, akwai Flatpak, akwai AppImage, hanyoyi uku da manhaja ɗaya za ta yi aiki a kowane irin Linux. Gaskiya ne, kuma dabarar tana da kyau: amarya ta zo da ƴan rakiyarta a mota ɗaya, ba ta buƙatar na gidan. Sai dai motar tana da nauyi, kuma waɗanda sunka ƙirƙiro ta ba su sayen intanet da mega. A Flatpak, ƙaramar manhaja ta farko da za ka saka tana iya jawo maka ginshiƙin da take zama a kai, mai nauyin ɗaruruwan mega. Ta biyu in ginshiƙinsu ɗaya ne ba ta sake jawo shi, wannan gaskiya ne, amma ɗalibin da ya sayi forfe na kwana guda ba ya kai wa ga ta biyun. Snap, wanda kamfanin Canonical mai Ubuntu ya yi, yana sabunta kansa da kansa, yana leƙa rumbu sau huɗu a yini in ba ka hana shi ba, kuma tun Ubuntu 21.10 Firefox ɗin da ke zuwa da tsarin ta wannan hanya yake. Ga wanda ke da fibar a gida, alheri ne, kullum yana da sabon tsaro. Ga wanda ya haɗa kwamfuta da wayarsa don ya tura fayil ɗaya ga malaminsa, sai ya koyi gaya wa tsarin cewa layin nan na awo ne, ko ya koyi dakatar da sabuntawar. Masu Linux Mint tun 2020 sunka toshe Snap a tsarinsu, sai wanda ya buɗe da kansa.

AppImage ne ya fi kama da rayuwarmu. Fayil guda ne, ka sa a kile, ka ba shi izinin aiki, ka danna, ya tashi. Ba saka komai. Masu Audacity da kansu haka suke rarraba ta ga masu Linux. Mutum ɗaya ya sauke, unguwa duka ta amfana. Amma shi ma da ƙayarsa: yawancinsu na neman wani ɗan rakiya mai suna libfuse2, wanda Ubuntu ya daina zuwa da shi tun 22.04, sai ka ƙara shi. Kuma ba kowace manhaja ke da AppImage ba, ba ya kuma sabunta kansa sai ka tuna.

To mi muke so? Muna so masu saka wa mutane Linux a Lamorde da kewaye, ƴan siber, masu gyara, ɗaliban kimiyyar kwamfuta, da mu masu karambani, mu yarda da tsari ɗaya da lamba ɗaya da za mu riƙa saka wa wanda ba harkarsa ba ce. Mu a namu ra'ayin Linux Mint 22 ya dace. An gina shi kan Ubuntu 24.04, yana da tallafi har 2029, allonsa ya yi kama da abin da mai Windows ya saba, yana jin Faransanci, faifan sakawarsa bai kai giga 3 ba alhali na Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, kuma yana da nau'in Xfce mai sauƙi ga kwamfutar da ta tsufa. Fedora tsari ne mai kyau ƙwarai, amma duk wata shida yake fitar da sabo, kowane kuma tallafinsa wajen wata 13 ne. Ma'ana duk shekara sai ka sauke babban kaya. Wannan ba na ɗalibar da ke jiran burs ba ne.

In taro ya ce Ubuntu ko Debian ya fi, wallahi ba mu da ja. Ba sunan ne ya dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne kwamfutocin unguwa su zama iri ɗaya, don abin da anka sauke sau ɗaya ya yi wa kowa.

Ga ribar. Kwamfutoci in tsarinsu da lambarsu ɗaya ne, fayilolin .deb da ɗaya ta sauke suna shiga sauran. Akwai manhaja mai suna apt-cacher-ng da aka yi don wannan kawai. Ka sa ta a wata tsohuwar kwamfuta a siber ko a ɗakin ƙungiyar ɗalibai, sauran su riƙa bi ta kanta. Na farko da ya nemi QGIS, ita za ta sauko da ita daga intanet ta ajiye. Na biyu da na ashirin daga ajiyar za su ɗauka, ba mega ko ɗaya da zai ƙone, kuma cikin ƴan mintuna. Rumbun tsimi ne, irin na kakanninmu, sai dai na manhaja. Kuma tsaro bai ragu ba, don kowace kwamfuta tana ci gaba da duba sa hannun masu tsarin kafin ta karɓi kaya.

Wanda bai da halin wannan, akwai ta talaka. Umarnin apt-get yana barin abin da ya sauke a cikin /var/cache/apt/archives, kana iya kwashewa a kile ka kai wa wani mai irin tsarinka. Ku lura, apt-get munka ce, don ɗan uwansa apt yana share su da ya gama aiki. Amma a nan sai an yi hattara: fayil ɗin .deb da ka saka da hannu daga kile, ba mai duba maka sa hannunsa, kuma yana shiga da cikakken iko a kan kwamfutarka. Kada ka karɓa sai daga wanda ka san inda ya ɗauko. Birus ɗin da muke gudu a Windows ta kile yake yawo, kada mu buɗe masa sabuwar ƙofa.

Mun san abin da ƙannenmu na sashen kimiyyar kwamfuta za su ce, don sun riga sun faɗa mana a fada wajen shayi. Ɗaya ya ce: "Yaya, ai daɗin Linux kenan, kowa ya zaɓi abin da yake so. In kun ce dole sai iri guda, mi ya raba ku da Microsoft?" Tambayar tana da nauyi. Amsarmu ita ce, a kan kwamfutarka kai ne sarki. Saka Arch, saka Fedora, ka lalata ka gyara, haka ake koyo, kuma wanda ke neman aiki a banki ko kamfanin sadarwa ya kamata ya san dangin Red Hat, don manyan na'urori da yawa da shi suke aiki. Amma ɗiyar maƙwabcinmu ba ta zaɓi komai ba. An zaɓa mata. Wanda bai san akwai iri-iri ba, ba za ka ce ka ba shi ƴanci ba don ka saka masa wanda ya fi burge ka. Kai ka more zaɓin, ita ta biya da forfe ɗinta da aikinta na wata takwas.

Kuma ba mu munka fara wannan tunani ba. Jandarmomin Faransa da sunka bar Windows, ba su ce kowane bariki ya zaɓi nasa ba, tsari ɗaya sunka gina kan Ubuntu, wanda ake kira GendBuntu, sunka baza shi a dubban kwamfutoci. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Emmabuntüs, da wasu ƴan sa-kai a Faransa sunka haɗa don raya tsofaffin kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar Emmaüs. Sun cika faifansa da manhajoji tun daga farko, don a iya sakawa inda babu intanet, kuma an yi aiki da shi a ɗakunan kwamfuta na makarantu a Togo. Waɗannan sun tuna da irinmu. Ya kamata masu gyara na nan su san shi.

Wata ƴar matsala da ba za mu ɓoye ba: kwamfutocin da sunka tsufa sosai, masu bit 32. Ubuntu da Mint 22 ba su hawa kansu, Debian 13 da ya fito a Agusta 2025 ma ya daina yi musu faifan sakawa. Su sai Debian 12. Kenan ko mun yarda da tsari guda, za a samu na biyu a gefe. Ba laifi, biyu da aka sani sun fi tarkacen da ba wanda ya san adadinsu.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko dala. Duk wanda ya saka wa wani Linux, ya ɗauki ƴar takarda ya rubuta sunan tsarin, lambarsa, da ranar da ya saka, ya manna a ƙasan kwamfutar da salatif. Ya kuma gaya wa mai ita: in wani ya turo maka umarni, fara nuna masa takardar nan. Wanda tasa ba ta da takarda, ya buɗe baƙar tagar umarni ya rubuta cat /etc/os-release, layukan farko za su gaya masa sunan abin da yake ɗauke da shi. Mu da munka yi lakkwal da Faransanci mun san wahalar, bayanan gyara mafi yawa da Ingilishi suke, sai mutum ya kwafi umarnin da bai fahimta ba ya manna. Aƙalla ya san na danginsa ne ko ba nasa ba.

Ita kuwa yarinyar, Allah ya taimaka. Mun tada kwamfutar daga kile mai ɗauke da Mint ba tare da mun goge komai ba, munka tarar da fayilolinta duka suna nan, munka kwashe su wuri biyu kafin mu taɓa wani abu. Washegari munka saka mata Mint, QGIS ta sauka daga rumbun tsarin da umarni ɗaya, da intanet ɗin wani abokinmu mai siber. Fayilolin .deb ɗin mun ajiye su a faifai, ƴan ajinsu biyu sun riga sun zo sun ɗauka.

Faifan yana hannunmu yanzu, amma bai kamata ya zauna wurin mutum ɗaya ba, kuma duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga gidajen Lamorde a 2020 ya san kwafi ɗaya a ɗaki ɗaya ba ajiya ba ce. Muna neman mai siber ko ƙungiyar ɗalibai da za ta karɓi baƙuncin tsohuwar kwamfutar da za ta zama rumbu. Kwamfutar muna da ita. Abin da ya rage shi ne wurin da ke da batir ko sola, da wanda zai ɗauki nauyin saukewar farko.